Shin kifin shak yana far wa masu nutso a teku?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shak zai afka maka idan ka nutsa da tukunyar iska a baya. Da wuya ƙwarai. Nau'in shak ya haura 500, kuma akasarinsu ba ruwansu da mutum. Waɗanda suka fi cizo su ne farin shak, shak mai zanen damisa da shak mai ƙirar bijimi, kuma galibi masu iyo a saman ruwa suke samu. Ƙarar kumfar numfashinka ma kan sa wasu su kauce.

Abin lura shi ne jikinsa. In ka ga ya gantsare baya, ya sauke fikafikan gefe ƙasa, yana iyo a karkace, gargaɗi yake yi. Kada ka juya masa baya, kada ka yi ta fafutuka da hannu. Zuba masa ido, ka matsa kusa da abokin nutsonka, ku ja da baya sannu a hankali.

Mafi girmansu kuwa, mai ɗigo-ɗigon fari da kan kai mita 12, ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci. Don Allah in ka dace da ganinsa, kada ka taɓa shi, ka kuma nisanci jelarsa.