Pik ɗin da ka saya ba jabu bane, ya dai yi maka kauri

To ɗana, saƙonka ya shigo tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Kace kaje shagon kayan kiɗa a Sabon Gari aka zube maka pik, ɗan abin nan da ake kaɗa wayoyin jita da shi, kala-kala a cikin kwali, ja da kore da ɗorawa, ka rasa na ɗauka, ƙarshe ka sayi mai kaurin nan saboda irinsa kake gani a hannuna, kuma tunda ka fara kaɗa jita da shi sautin yana fita gau-gau kamar ana dukan kwano, yana ta suɓuce maka yana faɗawa ramin jitar, har ƙaramar wayar ta tsinke. Shine kake tambaya ko jabu aka sayar maka.

Ba jabu bane. Wanda nake riƙewa kaurinsa milimita 1.14 ne, kuma sai da na shekara da shekaru ina kiɗa kafin na koma kansa. Kai da ko wata uku baka cika ba, har yanzu kana fama da sauya hannu daga kod ɗin G zuwa C zuwa D (kod shine wayoyin da ake dannewa a kaɗa su tare), wannan yayi maka nauyi sosai.

Idan ka ɗauki pik ka juya shi zaka ga lamba a jiki, wannan lambar ita ce kaurinsa, kuma ita ce abu na farko da zaka duba tun kafin kala ko sunan kamfani. Daga 0.46 zuwa 0.60 sune sirara, wajen 0.73 matsakaici, daga 0.88 zuwa 1.0 da abinda yayi sama masu kauri kenan. Wasu kamfanonin kamar Fender ba lamba suke sakawa ba, sai su rubuta Thin ko Medium ko Heavy, ma'anar dai ɗaya ce, siriri, matsakaici, mai kauri.

Abinda yasa na damu da kaurin nan shine hannun mai koyo a sandare yake, kowa haka ya fara, kana kaɗawa da ƙarfin damtse gaba ɗaya kuma baka san iya zurfin da pik ɗin ke shiga tsakanin wayoyi ba. Siririn pik idan ya haɗu da waya lanƙwasawa yake ya wuce, ko ka zurfafa shi fiye da kima zai rufa maka asiri, sautin ya fita a haɗe. Mai kauri kuwa baya rusunawa, duk ƙarfin da ka saka sai ya sauke shi kan wayar, shi yasa kake jin gau-gau ɗin nan, kuma idan ka zo dawowa sama sai bakinsa ya maƙale a waya, tunda ba zai lanƙwasa ba dole ɗaya ya bada kai, ko dai ya juya a yatsunka ya faɗi ko wayar ta sha wahala. Wannan shine abinda yake faruwa da kai, ba wani abu ba.

Saboda haka ka koma ka sayi 0.60 guda biyu da 0.73 guda biyu. Ka fara da 0.60 kana shara kod da shi, bayan sati biyu ko uku ka gwada 0.73 kaji bambanci da kunnenka. Ni dai a ganina 0.73 shine wanda zai daɗe da kai, don yana shara kod lafiya kuma idan ka fara tsintar waya ɗai-ɗai zai amsa maka. Wanda bana so ka saya shine mai shegen sirantar nan 0.38 ko 0.46, yana faf-faf kamar takarda, ƙarar robar ma tana neman rufe sautin jitar, kuma in kazo kiɗan waya ɗaya sai ka ji yana makara, hannunka ya riga ya wuce shi kuma bai gama sakin wayar ba. Mai kaurin da ka saya kar ka yar, ka ajiye, ranar da muka fara lid, wato kiɗan waya ɗai-ɗai da ke jan waƙa, zaka neme shi da kanka.

Maganar kala kuma, a yawancin pik ado ne kawai. Inda kala take da ma'ana shine Tortex na kamfanin Dunlop, masu hoton kunkuru a jiki, su kowace kala da kaurinta: ja 0.50, ruwan lemo 0.60, ɗorawa 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0, sai shunayya 1.14. Kaga kenan in Tortex ne, ruwan lemo da ɗorawa zaka nema. Amma kar ka ga wani pik ɗorawa na wani kamfani ka ɗauka 0.73 ne, karanta lambar.

Kunkurun nan ma yana da dalili. A da can da ɓawon kunkurun teku ake yin pik masu tsada, har wani kamfani a Amurka mai suna D'Andrea ya fara yinsu da roba irin ta seluloyid a 1922, daga baya kuma a shekarun 1970 aka hana cinikin ɓawon saboda kunkurun na neman ƙarewa, shine Dunlop ya fito da Tortex a 1981 don ya maye gurbinsa. Seluloyid ɗin har yanzu ana yi, sune masu sheƙin nan da zane kamar marmara, sautinsu da daɗi wallahi amma santsi gare su, da zafin nan namu in hannu yayi gumi sai ka ji yana yawo tsakanin yatsu. Kuma dan Allah kar ka kusanta shi da wuta, na san wasu yara suna gasa pik da laita wai don su lanƙwasa shi, seluloyid kama wuta yake fuu lokaci ɗaya. Akwai na nailan masu rubutu mai tudu-tudu a inda ake riƙewa, waɗannan suna zama a hannu sosai, ga mai yawan gumi irinka su ko Tortex sun fi. Da hunturu kuma in ka shafa basilin ka goge yatsunka kafin ka ɗauki jita.

Siffa ba sai na ja magana ba, ka ɗauki na gama-garin nan mai kama da ɗigon ruwa, wanda ake kira 351. Ƙaramin nan mai tsini Jazz III kaurinsa 1.38 ne, na masu gudu ne, ba yanzu ba. Babba mai kusurwa uku kuma masu bes, jitar nan mai kaurin sauti, suka fi amfani da shi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka karanta da kyau, don ko na zaɓar maka pik da hannuna in riƙon bai gyaru ba zai ci gaba da faɗuwa. Ranar Talata na lura da kai, kana riƙe shi da yatsu uku kamar zaka tsinci tsakuwa a shinkafa, rabinsa a waje, ka matse har farcenka yayi fari. Ba haka ba. Ka lanƙwasa manuniyarka, ka kwantar da pik ɗin a gefen gaɓar farko, ka ɗora babban yatsa a kai ya rufe yawancinsa, tsinin ya leƙo ta gefen babban yatsan, kuma abinda zai leƙo kar ya wuce tsawon ƙwayar shinkafa. Sauran yatsu ukun ka sake su. Ƙarfin riƙon kuma ka tuna alƙalamin kara a makarantar allo, in ka danna bakinsa ya buɗe tawada ta ɓata allon, in ka sake da yawa ya faɗi, to tsakanin nan zaka tsaya. Mutane suna ɗauka matsewa ce take hana shi faɗuwa, alhali matsewar ce take sandarar da wuyan hannu, shi kuma sandararren hannu shi yake cusa pik cikin waya. Motsin daga wuyan hannu zai fito, kamar yadda kake yarfe ruwa bayan alwala. In zaka sauka ka ɗan kwantar da shi ya shafi wayoyin ya wuce, in zaka hau ka kwantar da shi ta ɗaya ɓangaren, kuma a dawowa sama ba dole ka taɓa duka shida ba, uku ko huɗun ƙasa sun isa.

In ya faɗa ramin, kar ka dinga jijjiga jitar kamar asusu. Ka kwantar da ita a cinya, ka girgiza a hankali har ka hango shi daidai ƙarƙashin ramin, ka liƙa salatif a gindin fensir ka ɗauko shi.

Pik ɓata yake, wannan ba makawa, shi yasa nace ka sayi huɗu. Ɗaya ka soke shi tsakanin wayoyi a kan jitar in ka gama, sauran a jaka. Ranar da ka rasa gaba ɗaya, tsohon katin ATM da ya daina aiki kaurinsa 0.76 ne, kaga kusan matsakaici kenan, ka zana siffar a kai ka yanke da almakashi ka goge bakin da samfefa har yayi sumul, in ka bar shi da kaifi zai dinga kartar waya. Zai fitar da kai na kwana biyu amma saurin cinyewa gare shi. Ƙarfe ko tsabar kuɗi kuwa bana so na gani a hannunka, suna cin waya kuma suna kankare fuskar jita.

Nasan zaka ce ai kana ganin bidiyon masu jitar Agadas da yawansu basa riƙe pik sam, da yatsa suke kiɗa. Gaskiya ne, kuma kiɗa ne mai kyau ƙwarai, zan koya maka shi in lokaci yayi, don bana so ka zama wanda in babu pik a aljihu ya tashi daga aiki. Amma a jitarka mai wayar ƙarfe, kuma a matakin da kake na shara kod, pik zai fi saurin daidaita maka bugu.

Daga yau zuwa Asabar ga aikinka: ka danne wayoyin da tafin hannun hagu yadda ba zasu yi ƙara ba, ka dinga sauka da hawa a hankali kana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu, minti goma safe minti goma yamma, ba kod ba komai, hannun dama kawai. Wayar da ta tsinke kuma kar ka ɗaura ta, in ka duba sauran zaka ga duk sun fara tsatsa saboda baka goge su bayan kiɗa. Ka taho da jitar ranar Asabar bayan la'asar tare da pik ɗin da ka saya, mu sauya wayoyin gaba ɗaya in ga riƙon naka da idona.