Shin ƙona sharar nukiliya yana kashe dafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗana yana aiki a masana'antar da ake sarrafa shara mai ɗauke da tururin nukiliya, kuma ya ce mini wata ƙona ta suke yi, wata su zuba mata siminti a binne. Shin wuta tana kashe wannan dafi? Ba zai gangara cikin ruwan rijiya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Wuta ba ta kashe tururin nukiliya, siminti ma haka, domin daga cikin ƙwayar sinadarin yake fitowa, kuma lokaci ne kaɗai yake rage masa ƙarfi. Abin da masana'anta take yi shi ne ta rage girman sharar, sannan ta kulle ta inda ruwa ba zai kai gare ta ba.

Sharar da ɗanka yake nufi ita ce mai ƙaramin ƙarfi: safar hannu, rigunan aiki, tsummoki, sirinji da matatun iska da suka gurɓata. Ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na tarin sharar nukiliya, amma kusan kashi 1 kacal na tururin take ɗauke da shi. Aikin farko shi ne tantancewa, domin kowane sinadari da wa'adin da ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Na ayodin-131 da asibitoci suke amfani da shi kwana 8 ne, saboda haka idan aka rufe shi kwana 80, abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Na siziyom-137 kuwa kusan shekara 30 ne, shi ya sa ake tsara a tsare wurin binne irinsa kimanin shekara 300.

Abin da yake cin wuta ana ƙona shi a rufaffiyar tanda, hayaƙin ya bi ta matata, amma dafin yana nan cikin tokar, har ma ya fi taruwa a cikinta. Sauran a matse su da inji, a zuba a duro mai cin lita 200, a cike da siminti. Maganar rijiya kuwa ita ce ta fi damuna, kuma ka yi daidai da ka tambaya. A Faransa, ma'ajiyar Aube da aka buɗe a 1992 tana jera sharar cikin ɗakunan kankare, ita kuma Afirka ta Kudu tana binne tata a busasshen yankin Vaalputs tun 1986. Inda ake aiki da gaskiya, akwai rijiyoyin gwaji kewaye da wurin, ana auna ruwansu a kai a kai.

A Najeriya, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, wato NNRA, ce take ba da lasisin wannan aiki. Ka tambayi ɗanka ko yana sanya ƴar na'urar da take auna tururin da ya shiga jikinsa, kuma kada ya kawo kayan aikinsa gida a wanke. Ina kuma roƙonka ka gargaɗi ƴan gwangwan na ƙauyenku, da masu sayen tsohon duro don tara ruwa, su guji duk ƙarfen da yake da alamar fuka-fukai uku kamar na fanka. A Goyaniya ta Brazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe sun fasa wata na'urar asibiti mai siziyom mai ƙarfi, mutum huɗu suka rasu.