Masar za ku je? Ga amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan Masar suka taru, sai na zaɓi uku na haɗa su waje ɗaya.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. Tace za ta kai mahaifiyarta asibiti a Alƙahira saboda ciwon gwiwa, tana so ta san wane wata ya fi dacewa, kuma otal za ta kama ko gida, sannan kuɗin da za ta riƙe dala ce ko me.

Toh Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Abu na farko ki cire a ranki cewa tunda ƙasar hamada ce kullum zafi ake. Eh hamada ce, mafi yawan mutanen ƙasar ma a gefen kogin Nilu suke cunkushe, sauran duk rairayi ne da duwatsu, amma daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Alƙahira da dare yana sauka har wajen digiri 10, kuma gidajensu da yawa an gina su ne don maganin zafi ba don sanyi ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta ji jiki. Yuni zuwa Agusta kuma rana ce ta gaske. Tsakanin Maris da Mayu akwai iskar ƙura da suke kira khamasin, kamar harmatan ɗinmu amma ita da zafi take zuwa. Ni in da hali, Oktoba ko Nuwamba nake cewa mutane su tafi. In kuma likita yace kada a jira to ba maganar wata, a tafi kawai a ɗauki rigar sanyi da safa.

Maganar masauki, in kwana uku ko huɗu ne otal ya isa. Amma aikin gwiwa ba a yin shi a juyo washegari, akwai gashin ƙashi bayan aiki, don haka gida mai kayan ciki wanda suke ce wa shaƙƙa mafrusha ya fi miki, ki dafa wa Mama abin da ta saba. Ki tambaya ko lif ɗin ginin yana aiki kafin ki biya ko sisi, wallahi kar ki ɗauki wannan da wasa, hawa na biyar da tsohuwa a kan sanda ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kuma ki nemi gidan kusa da asibitin, don cunkoson motoci na Alƙahira sai wanda ya gani.

Kuɗi kuwa ki riƙe dala, ki riƙa canzawa kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi. Kuɗinsu fam ne, su suna ce masa gineh, kuma a Maris 2024 gwamnati ta sake shi ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya cikin yini guda, kinga wanda ya canza kuɗinsa gaba ɗaya tun ranar da ya sauka ba lallai ya ji daɗi ba. Abin da ya fi damuna shine 'yan tsakiya, masu tarar mutane suce za su haɗa su da "babban farfesa". Akwai na kirki a ciki, ɗalibanmu da yawa da tafinta suke rufa wa kansu asiri, amma ki tura takardun hoton gwiwar da rahoton likitanku zuwa asibitin tun kina gida, su rubuto miki ƙiyasin kuɗi, kuma kuɗin aiki a teburin asibiti ake biya a karɓi rasit, ba a hannun mutum ba. Biza a ofishin jakadancinsu na Abuja, kada ki manta katin rigakafin shawara. EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, ba sai kin wahalar da Mama zuwa Legas ba.

Na biyu wani malamin zaure ne daga Maraɗi, yace shi littattafai yake so ya saro, kuma yana tambaya ko Larabcin da ya karanta zai ishe shi.

Allah gafarta Malam, zai isa a fahimce ka, matsalar kai ka fahimce su. Bamisire jim ɗinsa "ga" ce, jamal ya koma gamal, ƙaf kuma haɗiye ta yake yi, sai kaji yace "alb" yana nufin ƙalb. In ka yi musu fusha, wato Larabcin littafi, a tasi direba zai yi murmushi yace ya shaikh, amma zai kai ka. Ka riƙe "bikam" wato nawa ne, da "aiwa" wato eh. Littattafai kuwa ka nufi lungunan bayan masallacin Azhar, wanda Faɗimawa suka fara ginawa a shekarar 970, nan shagunan suke jere, da yawan littattafan da ke zaurenka in ka duba bangonsu bugun Masar ne dama. In za ka iya daidaita tafiyar da baje kolin littattafai na Alƙahira, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ake yi tun 1969, a nan ake samun rangwame na gaske. Sai dai littafi nauyi gare shi, kilo ɗin jirgi ba zai ɗauke maka Fathul Bari da Tafsirin Ƙurɗubi a jaka ɗaya ba, ka yi lissafin kuɗin kago kafin ka ɗebo. In ka samu sarari ka ziyarci ƙabarin Imam Shafi'i, yana cikin garin.

Na uku wani ango ne daga Kano, wai shi da amarya suna gardama, ita Dubai take so shi kuma yana so ya ga gawar Fir'auna.

Ango, in sayayya ce da wuri mai sheƙi amarya ta fi ka gaskiya. Alƙahira tsohon gari ne mai ƙura da hayaniya da hon ba dare ba rana. Amma kuɗinka zai fi auki a Masar, kuma abin kallon ba na jiya ba ne, babban dalar Giza ya kai shekara 4,500. Gawarwakin sarakunan an mayar da su gidan tarihi na unguwar Fusɗaɗ da ke Alƙahira a Afrilu 2021, har da ta Ramsis na biyu wanda mutane ke cewa shine na zamanin Annabi Musa, amma masana ba su haɗu a kan haka ba, kar ka dawo kana rantsuwa a majalisa. A wajen dala mai raƙumi zai ce maka hawa kyauta ne, to sauka ce ba kyauta ba, ku gama ciniki kafin ka ɗora ƙafa. Haka a kasuwar Khan Khalili, taya irin na Kwari za ka yi, farashin farko na baƙo ne. Abinci ba za ku sha wahala ba, karkade ɗinsu zoɓonmu ne, mulukhiyya kuma miyar lalo ce da aka zuba wa tafarnuwa, sai koshari, shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) a kwano ɗaya, arha kuma yana riƙe ciki. In amarya ta hau jirgin ƙasa na metro akwai taragon mata zalla, kai dai kar ka bi ta ciki.