Gwangwanin lira na kawu: wacce kwandala ce mai kuɗi?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta. Ka ce ya yi aiki a Italiya shekarun baya, ya bar gwangwani cike da tsabar lira, a ciki har da ɗari biyar mai hoton jiragen ruwa uku, kuma ka ga ana yaɗawa a Facebook wai wannan ɗin za ta sayi mota. Kana son sanin yadda za ka gane darajarsu. Na daɗe ina tara kuɗin Italiya, na sha cuta na kuma sha dace, bari in ba ka abin da na sani.

Kafin komai, don Allah kada ka wanke su. Kada ka goga musu toka, ko lemon tsami, ko man goge ƙarfe. Da hannuna na lalata lira biyar ta azurfa ta zamanin Sarki Bitoriyo Emanuwele na Biyu, irin mai nauyin giram 25 ɗin nan. Ta yi duhu, sai na zauna na dirje ta har tana walƙiya, ina ta murna. Da na nuna wa wani tsohon dillali, ya ɗaga ta a haske, ya juya ta sau ɗaya, ya nuna mini ƙananan zane-zane kamar gashin jariri a kumatun sarkin, ya ce kuɗin azurfarta kawai zai biya. Wannan duhun da na cire, shi masu saye ke so.

To, maganar mai jirage. Wannan ɗari biyar an fara buga ta don kashewa a 1958, aka ci gaba har 1967, kuma an buga miliyoyi. Nauyinta giram 11, azurfar cikinta kashi 835 cikin 1000, wato ɗan sama da giram 9 na tsantsa. Idan ta sha hannu, darajarta ke nan: giram 9 sau farashin azurfa na ranar. Ba laifi, amma ba mota ba. Wadda ake ta surutu a kanta ita ce ta gwaji ta 1957, da ba a buga da yawa ba. Alamarta biyu. Akwai kalmar PROVA, wato gwaji, rubuce ƙanana a gefen da jiragen suke, sannan tutocin saman jiragen suna kaɗawa ta hagu, wato baya, saɓanin iskar da ta cika filafilan. An yi ta muhawara a kan haka, shi ya sa aka juya su dama a bugun da ya fita kasuwa. Ta gaskiya tana kai dubban yuro, kuma saboda haka jabunta sun fi na gaskiyar yawa nesa ba kusa ba. Shekarar ba a fuskarta take ba, a bakin kwandalar take, sai ka juya ta a tsaye. In taka ta ce 1960 ko 1966, tutoci na kallon dama, to ka samu azurfa, ka gode wa Allah.

Sauran na cikin gwangwanin, ina kyautata zaton hamsin ne da ɗari da ɗari biyu, da ɗari biyar mai launi biyu da aka fara a 1982, wadda take kama da yuro biyu. Yawancinsu a kilo ake sayar da su a can, kuma tun da yuro ya shigo a 2002, kowane yuro ɗaya a kan lira 1,936.27, an daɗe da rufe ƙofar canza su. Har dubu ɗaya ta 1997 mai kuskuren taswirar Jamus, da ake zuzutawa, ba ta da wani kuɗi, don an buga ta birjik.

Amma kada ka zubar. Baza su a tabarma, ka ware kowace iri daban, ka duba shekara ɗaya bayan ɗaya. A nan abin yake. Hamsin mai hoton maƙeri tsirara yana dukan uwar maƙera, ta 1958 guda 825,000 kacal aka buga, alhali wasu shekarun miliyoyi ne. Lira biyar mai kifin dolfin ta 1956, guda 400,000. Lira biyu mai ƙudan zuma ta 1958, ita ma ba ta da yawa. Duk abin da ke ɗauke da 1946 ko 1947, shekarun farko na jamhuriya, ajiye shi gefe. Ka lura, tsufa ba shi ne kuɗi ba: santesimi goma (santesimi shi ne kwabon lira) na tagulla na shekarun 1860 sun girme su duka, amma an buga su tuli, kuɗinsu kaɗan ne.

Ita wannan hamsin ta 1958 ita ta koya mini hankali karo na biyu. Na saya a intanet daga hannun wani da ya sa hoto mai duhu. Da ta iso na sa gilashin ƙara girma, sai ga takwas ɗin ta ɗan karkace, ƙarfen kewayenta ya lotsa. Wata shekara ce aka sassaƙe lambar ƙarshe. Kuɗina sun tafi.

Bayan shekara sai lafiyar kwandalar. Italiyawa suna da matakai: MB wadda ta sha wuya, BB mai dama-dama, SPL mai kyau sosai, sai FDC wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba. Tazarar da ke tsakani ba ƙarama ba ce. Hamsin ta 1958 da ta zaga kasuwa 'yan gomomin yuro ce, FDC kuwa tana haura dubu. Mu duka mukan ga namu sun fi yadda suke kyau, don haka duk matakin da ranka ya ba ka, sauko da ɗaya.

Farashi kuma, akwai kundin Gigante da na Montenegro masu fitowa duk shekara. Suna da amfani wajen sanin adadin da aka buga, amma farashinsu yakan fi abin da za a miƙa maka a hannu. Ni abin da nake dubawa shi ne nawa aka sayar da irinta a gwanjo kwanan nan. Abin da wani ya rubuta yana nema a eBay ba farashi ba ne, buri ne. Dillali kuma dole ya cire ribarsa.

In ka ci karo da ƙaramar rawaya mai 20 LIRE da kan Sarki Umberto na Ɗaya, auna ta. In ta ba da giram 6.45, wataƙila kwandalar zinariya ce da ake kira marengo, mai giram 5.8 na tsantsa, wannan ko maƙerin zinariya zai saya. Kada ka bari ya goga ta a dutse.

Nemi ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da maganaɗisu (azurfa ba ta kamuwa, amma hamsin da ɗari na ƙarfe za su manne, wannan daidai ne). Riƙe kowace ta baki, ka ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana, ban da fitilar waya. Turo na mai jiragen tukuna, har da bakinta inda shekarar take.