Hilux ɗina na tafiya a karkace, me ya jawo?

Malam, ka ce an yi saitin gaba amma motar tana tafiya a karkace, tayoyin baya kuma suna cinyewa ta gefe ɗaya. Aksil ɗin bayan Hilux, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, dunƙulalle ne, ba shi da wurin saiti, don haka wani abu ne ya goce. Fara duba iskar tayoyi. Sannan miƙar da sitiyari, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. In awon ya bambanta, galibi santa-bol ɗin sifirin (ƙusar tsakiya da ta haɗe faifayen sifirin) ne ya karye, ko yu-bol (lanƙwasasshen ƙarfen da ke ɗaure aksil da sifirin) ya kwance, musamman in kana lafta mata lodi. Kada ka sayi sababbin tayoyi tukuna, za su cinye. In duk lafiya, kai ta wurin masu saitin kwamfuta, wataƙila shasi ya lanƙwashe.