Likita ya rubuta min maganin ciwon damuwa amma tsoro ya hana ni sha, mene ne hukuncinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni a Niyok ta Amurka nake zaune, tun bara nake fama da ciwon damuwa, ba bacci ba cin abinci, har aiki sai da na ajiye. Yanzu an sa ni a wani shirin asibiti wanda ba kwanciya ake ba wuni ake yi, in je da safe in dawo gida da la'asar, Litinin zuwa Juma'a. Likitan wajen ya rubuta min Zoloft amma wallahi Malam na kasa sha, yana nan cikin jaka. Umma ta kira daga gida tace maganin mahaukata ne, wanda ya fara baya dainawa, in koma ruƙiyya kawai. Ni kuma tsorona kar ya zama cikin kayan maye, kar kuma ya zama raunin tawakkali. Dan Allah a warware min.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya baki lafiya 'yar uwa, ya sa kaffara ne.

Shan maganin nan halal ne, kuma a yanayin da kika faɗa ya ma wuce halal ya zama abin so. Majalisar fiƙihun Musulunci ta duniya a zamanta na Jidda a 1992 ta kasa neman magani kashi-kashi, tace yana zama wajibi idan barinsa zai kai mutum ga halaka ko nakasa, yana zama mustahabbi idan barinsa rauni zai jawo bai kai ga haka ba. To ke da kika daina ci kika daina bacci kika bar aiki, ƙaramin abin da za'a ce shine mustahabbi, in kuma har tunanin cutar da kanki yana zuwa miki to ya zama wajibi, kuma ki faɗa wa likitocin asibitin yau ɗin nan, in dare ne ki kira 988, layin wayar agajin gaggawa na masu irin wannan tunanin, tunda a Amurka kike.

Zancen tawakkali kuwa, Usama ɗan Sharik ya ruwaito cewa ƙauyawa sun tambayi Annabi (SAW) ko su nemi magani, yace ku nemi magani bayin Allah, Allah bai sanya wata cuta ba sai da ya sanya mata magani in banda tsufa. Abu Dawud da Tirmizi suka fitar. Bai ware ciwon zuciya da ƙwaƙwalwa ba. Wanda ma yafi dacewa da tambayarki shine hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim, idan an yi rasuwa takan sa a dama talbina, wani kunu ne na sha'ir, tace taji Annabi yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kinga kenan abu ne da ake sha ta baki ya taɓa baƙin ciki, kuma gidan Annabi ne, ba wanda yace su tsaya ga addu'a kawai. Ruƙiyya ki cigaba da yi, ki tofa Fatiha da Falaƙi da Nasi da kanki, ba ta hana magani magani baya hana ta. Wanda zan ja miki kunne a kai shine duk mai ruƙiyyar da zai ce sai kin ajiye maganin asibiti tukunna aikinsa zai ci, wannan yayi magana a fagen da ba nasa ba.

Sai maye. Malamanmu na Malikiyya, musamman Ƙarafi, sun bambance abin da ke gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa irin giya, wanda kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haram ne, da wanda ke kashe jiki ko sa bacci, wanda aka halatta gwargwadon da bai taɓa hankali ba ko don magani. Zoloft ma bai shiga ko ɗaya ba, ba ya bugarwa, shi yasa ba zaki ga 'yan shaye-shaye suna nemansa ba. A hankali yake aiki, sau da yawa sai an yi sati 4 zuwa 6 kafin a ga cikakken amfaninsa. Waɗanda ake iya sabawa da su jiki ya riƙa nema sune irin su Valium, su ma in likita ya bayar na ɗan lokaci babu laifi, laifin a ƙara da kai ne ko a sha na wani.

Maganar Umma akwai ɗan gaskiya a ciki, kar ki yi mata gardama. Gaskiyar ita ce ba'a yanke shi lokaci ɗaya, in aka yi haka jiri da tashin zuciya da rashin sukuni sukan biyo baya, sai an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita. Amma ba kowa ne ke shansa har abada ba, da yawa akan ce su cigaba kamar wata 6 bayan sun samu sauƙi sannan a fara janyewa, wasu kuma su daɗe, kuma daɗewar ba aibi bane kamar yadda mai hawan jini baya jin kunyar maganinsa. Ki lallaɓa ta da magana mai daɗi, soyayya ce ta sa ta faɗi haka, sai dai biyayyar iyaye ba ta kai ga barin maganin da barinsa zai cutar da ke ba.

Ni a ganina ma inda kike ɗin nan shine wajen da yafi dacewa a fara. Wanda aka ba shi magani a asibiti aka ce ya dawo bayan wata guda shi kaɗai zai sha fama da satin farko, ke kuwa kusan kullum nas da likita suna ganinki, in ciwon kai ne ko tashin zuciya ko baccin ya ƙara rikicewa washegari zaki faɗa a rage ko a canza lokacin sha ko a canza maganin gaba ɗaya. Tsarin wuni a asibiti a kwana cikin dangi ba baƙo bane a Najeriya ma, Farfesa Lambo ya fara irinsa a Aro ta Abeokuta tun 1954. Don haka ki je gobe da maganin a jakar taki ki ce wa likitan baki fara ba kuma ga dalili, ɓoyewar ce ba ta halatta ba don zai gina shawararsa akan kina sha. Ki faɗa masa in kina da juna biyu ko shayarwa, da duk wani maganin gargajiya da kike sha, in kuma shekarunki basu kai 25 ba ki sani ana ƙara sa ido a makonnin farko saboda wasu matasa tunanin cutar da kai yakan ƙaru musu a lokacin.

In ya sa ki bacci mai nauyi har asuba ta wuce ba da gangan ba, ki yi sallar da zarar kin farka babu zunubi, haka yazo a hadisin Anas, amma ki nemi a gyara miki lokacin sha. In azumi ya zo kina kai, tunda sau ɗaya ake sha a rana ki tambayi likita ko za'a mayar da shi sahur ko bayan buɗa baki, kar ki tsallake da ra'ayin kanki.

Wallahu a'alam.