Ga 'yar'uwar da ta ce Kano ba komai sai ƙura da hayaniya

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayarki. Kin ce wata 4 ke nan da aiki ya kawo ki Kano, har yau ba ki ga abin da ke sanyaya rai a titi ba, kina son jin ko mu da muka daɗe muna ganin wani abu daban. Wallahi muna gani. Amma ni ma sai da na fara takawa a ƙasa idona ya buɗe.

Ina da ɗan teburin atamfa a Kantin Kwari, gidanmu kuma yana cikin gari. Da a kan acaɓa nake zuwa, ido rufe saboda iska. Da aka hana goyo a babur a watan Janairun 2013, sai na koma yin rabin hanyar a ƙafa, sauran in hau Adaidaita. A wannan tafiyar na tsinci wani tsohon gidan ƙasa a wani lungu kusa da Kasuwar Kurmi, wanda na shekara da shekaru ina wuce shi. Fuskar zauren duk zane ce: ga dagi a saman ƙofa, ga takobi, can gefe har da keke mai ƙafa biyu, zankwaye kuma sun miƙe a bisa soro. Da hannu magini ya fitar da su tun yaɓen yana ɗanye, in kika matsa kusa har shatin yatsunsa za ki gani. Mai gidan in yana ciki ba ya ganin zanen nan. Mu masu wucewa aka yi wa. Shi ya sa raina ke ɓaci duk ran da na tarar an kankare irinsa an manna tayil.

Sai kuma ki dinga karanta bayan Adaidaita in cunkoso ya tsare ku, akwai nasiha, akwai habaici, akwai mai gode wa mahaifiyarsa kawai. Manyan motocin da ke ɗaukar hatsi daga Dawanau su kuma zaki da mikiya da ɗawisu ne a jikinsu. Na taɓa tsayawa kan wani mai fenti yana ƙarasa idon zaki, ya ɗaure numfashi, buroshin bai fi tsinken sakace ba. Direban na ta yi masa gaggawa, ko ɗagowa bai yi ba.

Abin da ya fi kama min zuciya dai randa ce. A hanyata akwai gidan wata dattijuwa da ke ajiye randuna biyu a gindin dogon yaro, an rufe su da faifai, ga moɗa ɗaure da igiya. A zafin watan Afrilu, lokacin da kwalta ke ƙuna ta cikin takalmi, ɗan dako zai sauke kayansa ya tsuguna ya sha, ya shafa saura a fuska, ya ce "Allah ya ba da lada", alhali babu kowa a wurin da zai amsa. Wata safiya na ga mai ga-ruwa ya tsayar da kurarsa ya juye jarka guda a ciki. Yarinyar gidan ta fito da kuɗi, ya ce, "Koma ki ce wa Hajiya wannan tawa ce." Mutumin da duk cinikinsa na yini a jarkokin nan yake! Na isa kasuwa ranar ina ta juya abin a raina.

Ba zan ce miki babu ƙura ko masu baƙin hali ba, akwai. Amma ki gwada ranar Asabar da hantsi, ki sauka a Ƙofar Mata wajen marina, ki taka a hankali zuwa Kurmi, waya a cikin jaka. Ki gaida dattawan da ke zaune a dakali, in kin ɓata hanya ki tambaye su. Sau da yawa ba kwatance za su yi miki ba, yaro za su kira ya raka ki har bakin lungun.